Rigar Tafiyar Ustaz Fariburz

Duk birnin Shiraz babu mai koya wa baƙi Farisanci kamar Ustaz Fariburz Kazaruni. In kana shakka, tambaye shi. Darasin tambaya a kaikaice shi ne gonarsa, har mu abokan aikinsa muka laƙaba masa Ustaz Ko-A'a, ya kuwa ɗauka lambar girma ce.

"Jaki ke tambaya kai tsaye," haka yake gaya wa ɗalibai yana murza gashin baki. "Ɗan asali ba ya cewa 'za ka zo?' Cewa yake, 'ina son in san ko za ka zo ko a'a.' Wannan ita ce wayewa, mu muka koya wa duniya."

Burinsa ɗaya tak, ya koyar a Turai. Tuni ya ɗinka rigar kwat ta tafiya, mai kauri saboda sanyi. Har mai shayin bakin makaranta ya gaji da yi masa bankwana.

Sai Allah ya kawo Hanum Astrid, shugabar wata makarantar harsuna a Suwidin. Ta zo gyara Farisancinta, tana kuma neman malamin da za ta ɗauka. Ustaz ya bi ta da shayi da dabino, ya riƙa sa rigar nan a tsakiyar bazara yana zufa, don ta ga yadda Turai za ta dace da shi.

Ranar bankwana ta miƙe a gabanmu ta ce, "Ustaz, ina son in san ko za ka karɓi aiki a wurinmu ko a'a."

Daɗi ya kusa kashe shi. Amma mu mutanen Shiraz ba ma cafke tayin fari kamar mayunwata. Sai mun ƙi, an roƙe mu, mun sake ƙi, an haɗa mu da Allah. Ya dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai.

"Ni wa? Ai ƙurar takalminki ce ni, Hanum. A'a, ban cancanta ba."

Muka gyaɗa kai cike da alfahari, don kowannenmu wautar da zai yi ke nan. Ustaz ya gyara zama yana jiran roƙo.

"Na gode da ka gaya mini gaskiya," in ji ta. Ta juya wurin Aga Hushang, malamin da Ustaz ke kira ɗan koyo. "Kai fa?"

"E," in ji Hushang, da sukari a bakinsa.

Kunyar marar kunya asara ce, amma wa ya isa ya gaya wa Ustaz? Da Hushang ya zo sallama, ya shafa rigar ya ce, "Ustaz namu, wannan riga ta yi kyau." Al'ada kuwa ba ta san baƙin ciki ba: in an yaba kayanka, dole ka yi tayinsa.

"Taka ce, ɗauka," in ji Ustaz, yana jiran ya ƙi.

Rigar dai ta ga Turai.