Fo a Cikin Fo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka haifi 'yata ta fari ba, kuma ko na so in manta, matan unguwarmu ta Zongo ba za su bar ni ba.

Lokacin shekarata huɗu a Kwatano, can ƙasar Benin, ina sayar da shadda, kuma na gama yarda da kaina cewa na iya Faransanci. Gaskiyar magana, abin da na iya bai wuce gaisuwa da ciniki da rigima da 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, ba. Amma in na je gida Katsina, sai in riƙa jefa "wala" da "dakor" a tsakiyar hira, ƙannena suna kallona kamar wani jakada.

Naƙuda ta kama matata Hauwa'u da sauran fiye da wata guda, ranar wata Talata da hantsi, ana yayyafi. Muka garzaya wani ƙaramin asibitin haihuwa ta wajen unguwar Jonke, aka ce sai an yi mata aiki. Bayan azahar wata ungozoma, wadda a nan ake ce wa sajfam, ta kira ni ciki. Doguwar mace ce 'yar ƙasa, ba ta jin Hausa sai 'yan kalmomi. Ta nuna mini jaririya 'yar mitsitsiya, ta nuna Hauwa'u da ba ta farko daga allurar barci ba, sannan ta tambaye ni ko ina jin Faransanci.

Na gyara hula na ce, "Wi madam, tire biyan."

Sai ta saki baki. Ta yi bayani mai tsawo, tana yi tana dafa ƙirjinta (ni na ɗauka tausayina take ji), ni kuwa ina ta gyaɗa kai. A duk zancen abu uku na cafke: sanyi, maza-maza, da wata kalma da ta maimaita har sau uku, "po a po". Nan take ƙwaƙwalwata ta warware lissafi. Po ai fo ne, wanda yara ke zama a kai. Po a po kuwa, fo biyu ke nan, ɗaya a cikin ɗaya. Na ɗan yi mamakin abin da jaririyar awa guda za ta yi da fo, amma na ce wa raina ƙasar da ta yi zama da Faransawa, wa ya sani, wataƙila tun ranar farko suke fara tarbiyya.

Tana juyawa ta ɗauko wani abu, na fice. Na tare zemijan cikin ruwa muka koma Zongo. Ban tsaya a shagon farko ba, don nasu bai yi mini kyau ba. A na uku na samu, har da zaɓen launi, har da gwadawa in ga ƙaramin ya zauna daidai a cikin babban. Na kusa cinye awa guda.

Na shigo ɗakin masu jego a jiƙe, ina taƙama. Na tarar da ungozomar zaune a kujera, ta riga ta cire kayan aiki, jakarta a ƙasa kusa da ƙafarta, ta ɗaure ƙirji da zane. Na ɗaga kayana sama yadda kowa zai gani na ce, "Madam, po a po."

Duk suka zubo mini ido. Sai wata mai jego a gadon ƙarshe ta riƙe cikinta tana roƙo da Allah a fitar da ni, kada ɗinkinta ya warware. Daga nan kowa ya ɓarke.

Wata dattijuwa haifaffiyar Zongo, Hajiya Iya, da ta zo jinyar jikarta, ita ta ja ni gefe tana share hawayen dariya.

"Ɗana, po ɗin nan fata ake nufi. Fata da fata. Yarinyarka bakwaini ce, jikinta ya yi sanyi, kwalbar ɗumama jarirai ɗaya da suke da ita akwai wani jaririn a ciki. Ƙirjinka sajfam ta nema, ba fo ba."

Ta ce an neme ni har bakin titi. Da aka rasa ni, matar nan da ta tashi daga aiki, 'ya'yanta na jiran ta a gida, ta ajiye jaka ta sa 'yata a cikin rigarta. Sai a lokacin na lura da ɗan kai sanye da hular ulu yana leƙowa ta wuyan rigar. Dariyar da nake shirin tayawa ta maƙale. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, don na gane ina can ina zaɓen launi, 'yata tana nan tana hucewa.

Ungozomar ba ta yi mini faɗa ba. Ta auna zafin jikin yarinyar, ta gyaɗa kai, ta yi mini alama in tuɓe riga. Ni da a garinmu ko ɗaukar ɗan fari a gaban mutane ba a yi, sai ga ni zaune ba riga a tsakiyar mata takwas, tumbi a waje, an naɗe ni da zanen Hajiya Iya mai hoton kifi. Na sunkuyar da kai. Aka kwantar mini da 'yata a ƙirji, ba ta fi cikin tafin hannuwana ba, na ji numfashinta yana taɓa ni kaɗan-kaɗan.

Ungozomar ta tsuguna ta gyara wa yarinyar kai, ta dube ni, ta haɗa 'yar Hausar da take da ita ta ce, "Baba, zauna. Ba gudu."

Ban gudu ba. Haka Hauwa'u ta farko ta same ni, ta dube ni, ta dubi fo biyu a ƙarƙashin kujera, ta rufe ido ta ce a bari sai ta warke a ba ta labari.

Yarinyar yanzu tana aji biyu, ita ke gyara mini Faransanci ba tausayi. Ungozomar kuwa kullum tana cikin addu'ata, ko da yake har yau in mun haɗu a hanya sai ta dafa ƙirji ta kama dariya. Abin da na koya ba shi da yawa: "ban gane ba" kunyarta ta minti ɗaya ce. Ni na guje mata, na sayo wadda nake ɗauke da ita shekara bakwai, kuma saura ƙiris 'yata ta biya mini da ranta.