Sallamar Baba Lawan

Lokacin dokar hana fita, shekarun da bama-bamai suka raba mu da hirar zaure, na tura iyalina ƙauye, na zauna ni kaɗai a gidanmu na Sheshe. Wata la'asar aka kawo wuta, na kunna tsohon kaset ɗin bikin ƙanwata. Ga tsakar gidanmu maƙil da mutane, rabinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Ina cikin kallo sai na ji sallama. Ni da nake cika bakin babu muryar da ban sani ba a unguwar nan, take na ce Baba Lawan ne, aminin mahaifina. Don murnar baƙo, ko takalmi ban sa ba na fita har bakin titi ina waige-waige.

Sojoji na tarar.

"Malam, ina za ka?"

"Baƙo na yi, yallaɓai."

Ina tsakiyar tsallen kwaɗon da suka sa ni, maƙwabta na leƙe ta katanga, na tuna ashe da ni aka kai Baba Lawan makwancinsa. A cikin kaset ɗin ya yi sallamar.

Har yau, duk wanda ya zo wurina sai ya ce, "Salamu alaikum, Malam. Fito, ni da raina na zo!"