Yadda Za Ka Faɗaɗa Ɗakinka Ba Tare da Kiran Magini Ba

Na san damuwarka. Aiki ya kawo ka birni, ka kama ɗakin da in ka yi miƙa sai ka taɓa bango biyu, matarka kuma tana can gidansu. Surukarka ta rantse 'yarta ba za ta taho ba sai ta ga inda za a ajiye ta. Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin shayinka ya huce ɗakin nan zai zama falo.

1. Nemo 0.5

Buɗe kyamarar wayarka, ka duba ƙasa, za ka ga an rubuta 0.5. Danna shi. Ka ga bango ya ja da baya? To, wannan aikin magini ne na wata guda ka gama da ɗan yatsa. In taka wayar ba ta da shi, ari ta maƙwabci, amma kar ka faɗa masa dalili, don bakinsa ba ya da linzami.

2. Kwashe komai

Bokiti, risho, takalma, jakar da ke kan ƙusa, tsohuwar fankar nan mai tari, duk fitar da su baranda. Bar katifa da kujera ɗaya tal. Mai gadi zai zo ya tambaye ka ko tashi za ka yi, har ya fara taya risho. Ce masa shara kake yi. Ba zai yarda ba, don bai taɓa ganin ka da tsintsiya ba, amma wannan matsalarsa ce.

3. Shige kusurwa, ka durƙusa

Gwanaye ba sa ɗaukar ɗaki a tsaye. Manna bayanka a kusurwa, ka sauke wayar daidai cibiya, ka riƙe ta a miƙe. In ka karkata ta sama, bango zai zama kamar zai faɗo, surukarka kuwa ba za ta ba da 'yarta ga ginin da ke rukuʼu ba. In kusurwar ta yi maka kaɗan, cire ƙofar banɗaki ka ɗauka daga ciki. Masu ilimi sun ce mutum ba ya sanin girman ɗakinsa sai ya kalle shi daga banɗaki. Ban san waɗanne masu ilimin ba ne, amma haka suka ce.

4. Kula da gefe

Abin da ya faɗa gefen hoto, miƙewa yake yi. Wani tela da na koya wa sana'ar nan ya bar kyanwarsa a gefe, ta fito da tsawon tabarma, har aka bugo ana tambayarsa wace irin dabba yake kiwo. Sannan duba ƙasan hoton da kyau. Yatsun ƙafarka suna nan, wallahi suna nan, kullum sai sun leƙo.

5. Tura, ka yi shiru

Kar ka rubuta "ga katafaren ɗakina". Ƙarya kenan, mu kuwa ba ma ƙarya, kusurwa kawai muke zaɓa. Rubuta: "Mama, ga ɗan wurin, a yi haƙuri da shi." Kunya ita ce gishirin aikin. Daga nan ka mayar da kayanka ciki kafin risho ya yi ƙafa.

6. Karɓi sakamako

Za ta bugo da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Za ta sa maka albarka har ka ji ƙwalla, ta ce ashe zaluntar ka ta yi da zato. Ji daɗinka sosai a nan, don iyakarsa kenan.

"Tunda Allah ya ba ka wuri haka," za ta ce, "na sa a ɗora mata babban gadona da kujerun falo. Ni ma zan rako ta in kwana biyu."

Kar ka yi gardama. Ce Allah ya kawo su lafiya.

7. Ranar zuwa

Motar kaya za ta tsaya a ƙofa. Direba zai leƙa ɗakin, ya koma ya leƙa gadon, ya nemi wuri ya zauna. Surukarka za ta watsa maka harara, wadda ta fi zagi ciwo. Matarka kuwa, wadda ka yi duk wannan rarrafen don kewarta, za ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi waya, ta dubi ɗaki, ta dube ka, ta tambaya a hankali:

"Maigida, ina sauran?"

Wannan matakin ban taɓa samo amsarsa ba. In ka samo, taimaka wa na baya.

Sanarwa

Ni hoto na koya maka, ban ce a kawo gado ba. Duk abin da ya biyo baya, daga kwanan baranda zuwa hararar suruka, tsakaninka ne da wayarka. Kar ka neme ni, kuma kar ka zo gidana neman mafaka, don nawa ɗakin ma a 0.5 na kama shi.