Cinikin Maki Goma

Ba zan taɓa mantawa da bikin auren Rabe ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu ba za su bar ni ba.

Rabe taubashina ne, ɗan kawuna. Ya yi shekaru a Amurka yana tuƙin kamyo, babbar motar kaya, sai ya dawo gida Birnin Konni cikin watan Janairu don ya yi aure. Ni kuwa a lokacin ƙaramin dillalin albasa ne, kullum ina bisa moto, wato babur, tsakanin Konni da Galmi, kuma abu ɗaya na sa a gaba. Alhaji Mamman, babban bafataken albasa, yana neman wanda zai riƙa bin motocinsa zuwa Abijan yana yi masa ciniki da baƙi. Wallahi na so aikin nan kamar in yi kuka. Alhaji kuma aminin kawuna ne, duk kwanakin biki yana zaune cikin rumfa, ni ko ina ta kai da kawo a gabansa don ya san ina nan.

Ana gobe ɗaurin aure, bayan magariba, Rabe ya haɗa ordinatarsa, wato kwamfuta, da talabijin, ya ce yau akwai babban wasan ƙwallon Amurka, an kai matakin da duk wanda aka ci sai gida. (Ga wanda bai taɓa gani ba: ƙwallon kamar gwanda take, da hannu ake ɗaukarta, ƙattai da hulunan kwano su yi karo, su tsaya su yi shawara, su sake yin karo.) Alhaji ya gyara zama ya ce, "Wa ya san wanga wasa cikinku?"

Ni da ba a tambaya ba na ce, "Ai ni nakan bi shi, Alhaji."

Sau ɗaya na taɓa ganinsa, a wayar wani, muna jiran a gama lodi. Amma so nake Alhaji ya ga cewa na san duniya.

Rabe ya dube ni, ya yi irin murmushin nan nasa na mugunta. Ya ce to mu yi hasashe kamar yadda suke yi da abokan aikinsa direbobi. Alhaji ya ce ban da kuɗi, caca ba ta shiga gidan biki. Aka tsaya a kan cewa wanda ya faɗi shi zai dafa wa baƙi shayi har a watse, ko da ango ne.

Na tambayi su wa suka fi ƙarfi, aka ce masu jar riga. Na ce su na ɗauka.

Rabe ya ce, "To amma ka sani, ba a faɗin wanda zai ci kawai a tsaya. Akwai tazara. In ka ɗauki masu ƙarfi, akwai maki uku da za a..."

"Na sani, na sani," na katse shi. "Mi za ka koya mini?"

A raina na riga na gama lissafi. Ai gyara ce, irin wadda mai awo ke ƙara maka bisa tiya. Za a ƙara wa 'yan wasana maki uku. Kuma ga Alhaji yana kallo, ga ciniki ya zo har gida. Sai na ɗaure fuska kamar ina tsaye kan buhunan albasa, na ce, "Uku? Albarka."

Rabe ya ce, "Kai, tsaya ka ji mana."

"Ba abin da zan ji. Ka zo daga Amurka ka taya ni uku? Taya da kyau."

Ya kalli abokansa, ya kalle ni. "To, bakwai?"

"Albarka."

Har takalmina na jawo, na miƙe kamar zan tafi, dabarar da ba ta taɓa ba ni kunya ba a kasuwa. Rabe ya riƙe ciki, hawaye na zubo masa, ni kuwa na ɗauka zafin ciniki ne ya kama shi. Da ƙyar ya iya cewa, "Goma!" Na miƙa masa hannu na ce na sallama. Na ji da kunnena Alhaji yana ce wa kawuna, "Wanga yaro shina da baki." Daɗi ya kusa kashe ni.

Aka fara wasa. Ban gane komai ba, sai na riƙa satar kallon fuskar Rabe. In ya ɓata rai in yi ihu, in ya yi murna in yi tsaki. Alhaji kan tambaye ni me ya sa alƙalin wasa ya jefa ƙyalle rawaya, ni kuma in ba shi amsa da cikakkiyar murya. (Na ce masa wai alamar a sha ruwa ce. Allah ya yafe mini.) Muka tashi muka yi isha'i, muka dawo, ana nan ana karo.

Da aka tashi, masu jar riga suna da ashirin da huɗu, ɗaya ɓangaren goma sha bakwai. Na yi tsalle har hulata ta faɗi. Na ce ashirin da huɗu a sa goma, talatin da huɗu ke nan, a kawo wa ango buta da gawayi! Na zaga rumfa ina karɓar hannu. Sannan na je gaban Alhaji na durƙusa, na faɗi maganar da har yau in na tuna ta sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Alhaji, ka dai gani. Haka zan yi maka da mutanen Abijan."

Rabe ya bari sai da na gama sarai. Sannan ya share hawayen dariya ya ce, "Taubashi, goman nan cirewa ake yi. Masu ƙarfi ka ɗauka, don haka sai sun ci da tazarar da ta wuce abin da aka yanka, kafin a ce ka ci. Ashirin da huɗu a cire goma, sha huɗu. Ni ina da sha bakwai."



Alhaji ya ajiye carbinsa, ya ce, "Rabe, bari in gane. Da ya karɓi ukun da ka ce tun farko hwa?"

"Da ya ci, Baba Alhaji."

"Da ya tsaya ga bakwai?"

"Da an yi kunnen doki."

"Wato shi da bakinsa ya yi ta ja har ya kai kansa ƙasa." Ya juyo gare ni, ina nan durƙushe ban ma tashi ba. "Kuma ka ce haka za ka yi mini Abijan?"

Dariyar da aka yi, har mata suka aiko daga cikin gida a ji ko lafiya. Kawuna ya rufe fuska da hannun riga. Ni dai na nemi hulata na rasa, ashe Rabe ne ya zauna a kanta.

Washegari, da babbar rigata sabuwa, na tsuguna gaban gawayi ina fifita wuta. Duk wanda ya miƙo kofi sai ya ce a zuba masa uku, wani daga baya ya amsa, "Albarka!" Alhaji ya sha nasa, ya ce shayi ya yi daɗi, bai ko tada zancen aikin ba. Da motocinsa suka tashi zuwa Abijan, wani ne zaune a gaba, ni ina bakin hanya bisa motona na ɗaga musu hannu.

Har yanzu ina dillanci, kuma har yanzu ba a fi ni baki ba. Sai dai duk lambar da aka faɗa mini, ko ta kuɗin buhu ce ko ta kuɗin mota, kafin in ce a ƙara sai na tambaya, ni za a ba, ko ni zan biya?