Ranar da Bukkiya Ya Sa Gari Kuka

"Ni Bukkiya, in na ɗaga ƙafa, barewa sai dai ta roƙe ni in jira ta!"

Haka ɗan ƙanena yake cika baki a bakin rijiya. Ni dai ban yi karatu ba, amma na san ƙarya in na ji ta. Dakare ne kawai, mai ɗaukar wa wasu garkuwa. Burinsa ɗaya: ya shiga cikin zaratan da ke gudu a gaban karusar sarki.

Ranar da mutanenmu suka fatattaki Filistiyawa a kwari, shugaban yaƙi Zabdi ya nemi mai kai albishir. Bukkiya ya faɗi ya kama ƙafarsa.

"Ranka ya daɗe, ni! Kafin ka goge takobi na isa."

"Bi hanya, kada ka yi wayo," in ji Zabdi.

Sarkin wayo sai ya yanke ta gonakin inabi. Shingen ƙaya ya tsage masa riga har cibiya. Ya tsallake katanga, ya dira da ka a masussuka. Ya tashi fari fat, ƙura a gashi, ƙaiƙayi a ido, hawaye shaaa. Bai tsaya ya karkaɗe ba.

To, ko jariri a garin nan ya san manzon da ya zo da yagaggiyar riga da ƙura a ka, mugun labari ya kawo. Mai tsaro ya hango shi daga kan ganuwa, ya kwarma ihu: "Wayyo! An cinye mu!"

Jama'a, gari ya kaure. Mata suka zube suna birgima. Dattawa suka keta riguna. Ni ma na keta tawa ta ulu, wadda nake adanawa don idi. Sarki da kansa, yana zaune a ƙofar gari, ya ɓarke alkyabbarsa.

Bukkiya ya iso ya kife a gabansa, yana haki kamar jakin da ya hau dutse.

"Faɗi, ɗana, mutum nawa suka tsira?"

Gogan ya buɗe baki, ba murya. Ya girgiza kai.

"Ko ɗaya!" in ji wata. Kuka ya ninka.

Ana cikin haka sai ga ƙaho, sai ga Zabdi da runduna, da garken shanun ganima. Suka tsaya sororo suna kallonmu, mu ma muna kallonsu. Sai a lokacin numfashin sakarai ya dawo.

"Mun yi nasara!"

Sarki ya dubi alkyabbarsa, ya dube shi.

"Filistiyawa ba su yaga mana ko zare ba. Kai kaɗai ka tsiraita gari. A ba shi allura."

Wata biyu yana zaune a ƙofar gari yana ɗinki, tsumma tuli a gabansa, ni a kansa da sanda. Karusar sarki ta zo wucewa, zarata na gudu a gaba. Ya ɗaga kai.

"Gwaggo, amma dai na riga kowa isowa."

"Ka riga," na ce. "Warware wannan, a karkace yake."