Ranar da Na Kai Ritaya Farauta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai kare farauta dajin Janbako ba. Ni dai na yi iya ƙoƙarina in manta, mutanen Mafara ne suka ƙi ba ni haɗin kai.

Lokacin ana aikin madatsar Bakolori, ni kuma ina kuku a gidan wani Baturen injiniya da muke kira Mai Lofe. (Na ce kuku ne don mutunta kai. Dankali nake ferewa.) Turancina bai wuce "yassa" ba, Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba, amma a cikin gari cewa nake ni ne tafintansa. Yana da wani kare dogo siriri, ciki a ɗame kamar an ɗaure shi da igiya, wanda ba shi da sana'a sai barci a kujerar falo.

Ranar da Mai Lofe zai koma ƙasarsu, ya damƙa mini igiyar karen da wani tsohon hoto. Karen ne a guje, sanye da 'yar riga mai lamba uku, ƙafafu huɗu duk a sama. Ya nuna shi ya ce, "Ritaya. Ritaya." Sannan ya haɗa tafukansa ya kwantar da kuncinsa a kai, idonsa ya ciko da ƙwalla. Na ce yassa. A raina na ce ashe wannan ne sunan yanka, wancan sunan mai karya harshe da na saba ji yana kiransa da shi laƙabi ne.

Na iske Baba a zaure. Ya dubi karen sama da ƙasa.

"Wanga kare na, ko ƙasussan kare?"

"Na Bature na, Baba. Amana ya ba ni."

"Gidan ga ba a aje kare sai na farauta ko na tsaro. In ba shi da aiki, kai shi bayan gari ka sake."

Na san abin da ke samun karen da aka saki a bayan gari, balle wanda ya saba kwana a kan kushin. Ko mako ba zai yi ba. Kuma gaskiya na riga na shaƙu da shi, don ni nake ba shi ragowar ƙashi a kicin. Sai na zaro hoton na ce, "Baba, ƙasarsu shi na sarkin farauta."

Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma na kai labarin tasha, na kai rumfar mahauta, na kai wurin mai shayi. Ranar Litinin zomo yake kamawa, kafin Alhamis ya fara kayar da barewa. Baki dai shi ke yanka wuya.

Ranar Asabar mafarautan Mafara da Bakura da Maradun suka haɗu a Janbako, da ganguna da gorori da karnuka masu tabo a fuska. Baba ya zo ganin ƙwaƙwaf, tare da amininsa Kawu Soja, mutumin Bakura, tsohon soja da ke gadi a wata ma'aikata. Ni kuma na yanka buhun fulawa na ɗinka wa karena riga, na rubuta lamba uku da gawayi. (Ba wanda ya sa ni. Ni na sa kaina.)

Aka buga ganga, aka tayar da zomo, karnuka suka ɗunguma. Nawa ya yi hamma. Ina shirin nutsewa ƙasa sai na ga kunnuwansa sun miƙe, ya fizge igiya ya harba. Jama'a, ban taɓa ganin gudu irin wannan ba. Ya wuce karnukan nan kamar an dasa su. Na cire hula na bi bayansa ina kirari: "Ritaya na Mai Lofe! Ritaya ba ka da tsara!"

Ya cim ma zomo. Ya jera da zomo. Ya wuce zomo.

Wallahi shi kansa zomon sai da ya ɗan dakata ya dube shi. Ritaya ya karkata hagu, ya yi wani ƙaton da'ira, ya kewaye wata kuka, ya dawo daidai inda ya tashi, ya tsaya ya ɗaga kai yana jiran tafi. Daga nan ya sulale inuwa kusa da Baba yana haki, ƙafarsa ta baya tana rawa. Zomo kuwa ya shige rami abinsa.

Dariya ta ɓarke har makaɗi ya yar da makaɗinsa. Wani mafarauci ɗan Maradun ya ce, "Malam, in tsere naka ya zo yi da zomon, to ya ci!" (Daga baya na ji cewa haka ake yi a ƙasar su Mai Lofe. Karnuka ke tsere a fili mai kewaye, suna bin zomon ƙarya da inji ke ja, ba wanda ya taɓa kama shi.)

Kawu Soja ya yafito ni.

"Ɗana, wane suna ni ji kana kira?"

"Ritaya, Kawu."

"Wa ya ce maka suna na?"

Na ba shi labari, har na gwada masa yadda Bature ya kwantar da kunci a tafi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kai, ni ma ritaya ni ke! In ka gama aiki, ƙarfi ya ƙare, anka ce tahi ka huta, shi na ritaya. Bature ce maka ya yi ka bar tsoho shi yi barci, kai ko ka ɗauko shi ka kawo daji!" Ya karɓi hoton ya matso da shi ido. "Ga ma takunkumi ga bakinai. Da mi zai kama zomon?"

Kunya ta rufe ni, ga ni tsaye ba hula, ga kare cikin buhun fulawa. Amma abin da ya fi kunyar ciwo shi ne ƙafar nan da ke rawa. Ni na jawo masa, don in kare bakina. Kuma yanzu kowa ya shaida ba na farauta ba ne. Na kasa duban Baba.

Baba ya daɗe yana kallon karen. Can ya juya wurin amininsa.

"Soja, ku in kunka yi ritaya, wane aiki a ka ba ku?"

"Gadi."

"Ka taɓa kama ɓarawo?"

"Ko guda. Barci ni kai."

"To," in ji Baba, "shi ma a ba shi gadi."

Haka Ritaya ya kama aiki a ƙofar garkarmu, ya yi shekara huɗu bai yi haushi ko sau ɗaya ba. Awaki tsallake shi suke yi su shiga su ci yakuwa. Baba da kansa yake rage masa tuwo, yana cewa ba a barin ma'aikaci da yunwa. Ni kuma har yau akwai tsofaffin da in sun gan ni a kasuwa sai su tambaye ni lafiyar zomo.

Abin da na koya shi ne kada ka ce yassa sai ka tambaya, kuma wanda ya gama gudunsa a bar masa inuwa. Yanzu da ni ma na yi ritaya, in uwargida ta ce in tashi in yi wani abu, sai in gyara kwanciya a tabarma in ce mata ta yi haƙuri, ina bakin aiki.