Saƙa a Ƙarƙashin Sitiyari

Abubuwa da yawa sun zube daga kaina yanzu, har jikokina sai na kira sunaye uku kafin in dace da wanda nake nema, amma akwai wata Alhamis ta damina da ba zan taɓa mantawa da ita ba. Zamanin mulkin soja ne, tsakiyar shekarun tamanin, ina direban wani babban sakatare a wata ma'aikatar gwamnati a nan Kaduna. Ba zan faɗi sunansa ba. Ya riga mu gidan gaskiya, amma har gobe in na tuna shi sai na gyara zama.

Bari in fara da amsa laifina. Ni ɗin nan, ƙato mai gashin baki da lasin tuƙi, ina saƙa. Ba ɗinkin hula irin na maza a bakin titi ba, a'a, saƙar ulu da tsinke biyu, irin wadda mata ke yi wa jarirai. A gadon asibiti na koya, lokacin da na karye a ƙafa na yi wata uku a kwance. Wata nas 'yar kudancin Zariya ta gaji da mitata, ta cusa mini zare da tsinkaye a hannu, ta ce, "Malam, ba hannunka aiki ko bakinka ya huta." Ƙafa ta warke, saƙa ta ƙi sakina. Daga baya ma na ƙara da harhaɗa ƙyallaye: in bi telolin unguwarmu, Rafin Guza, in kwaso ragowar yadi, in ɗinka bargo mai launi barkatai. (Boko dai a aji huɗu muka yi sallama da ita, amma in ka ba ni zare, ko mai digiri bai fi ni lissafi ba.)

A unguwa kowa ya ɗauka aikin matata Asabe ne. Asabe kuwa ko maɓalli ta ɗinka, ba ya kai la'asar. Amma in mata suna yaba bargon, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "To, baiwa ce daga Allah." Ban taɓa ƙaryata ta ba, tana rufa mini asiri, ina rufa mata.

Matsalata lokaci ne. Daga sallar asuba sai keke zuwa gidan Oga. In wanke mota, in kai yara makaranta, in kai shi ofis, in dawo in kai Hajiyarsa kasuwa, in koma in kai shi taro, daga taro a wuce gaisuwar mutuwa. Asabar gona, Lahadi garinsu. Abin da ya rage mini a duniya shi ne lokacin jira. To a nan na samo dabara. Sauran direbobi su taru gindin mangwaro suna karta da gulmar iyayen gidansu, shugabansu Isiya, direban kwamishina, mutumin da in ya sa ka a baki sai ka canza unguwa. Ni kuwa in ɗage gilas, in kwantar da kujera kamar mai barci, in zaro jakata daga ƙarƙashin kujera, in ci gaba da aiki a ƙasan sitiyari. Suka sa mini suna Sarkin Barci. Na karɓi sarautar hannu biyu.

Yanzu ka saurara da kyau, don in ba ka san Oga ba, za ka ce haukacewa na yi. Ranar da na kama aiki, ya miƙo hannu daga baya ya murɗe madubin cikin mota sama, ya ce, "Hanya aka ɗauke ka ka kalla, ba ni ba. In ka ji ƙofa ta rufu, ka ja mota." Tun daga nan ban sake ganinsa a cikin mota ba. Ba ya hira, jarida yake karantawa. In ka roƙi wani abu bai yarda ba, sai ka ji gyaran murya. In ka ji shiru, to ya amince. Kafin ni ya kori direbobi biyu, ɗaya don ya kunna rediyo, ɗaya don an tsinci ɓawon gyaɗa a ƙasan kujera. Kai ka auna abin da zai yi wa mai saƙa safar jarirai a motar gwamnati.

Kwana shida kafin wannan Alhamis ɗin Asabe ta haihu, mace, suna ranar Juma'a. Na yi wa kaina alkawarin jaririyar za ta fito cikin rigar sanyi ta hannuna, kuma saura hannun riga ɗaya. Hutun ranar suna ma ban roƙa ba, tsoro ya hana ni. Ranar Alhamis aka ce wani babban baƙo zai sauka daga Legas a filin jirgi na Mando, Oga na cikin masu tarba. Na kawo mota ƙofar ofis na tsaya. Ana yayyafi, gilas a rufe, ni kuma na iso daidai kafaɗa, wurin da ake rage ƙulli layi bayan layi. In ka kuskure ƙirga a nan, hannun riga zai fito kamar ƙafar wando.

Ina cikin ƙirga na ji ƙofar baya ta buɗu, abu mai nauyi ya sauka a kujera, ƙofa ta rufu garam. Na cusa saƙa a jaka, ina maimaita "ashirin da shida, ashirin da shida" a zuci don kada in manta, na ja mota. Ta madubin gefe na hango Sale, tsohon masinjan ofishinmu, yana tsalle yana kaɗa lema. Na ce a raina, yau Sale ladabi ya motsa, har rakiya yake yi mana. Na danna masa ham sau biyu.

Muna wuce Unguwar Sarki na ji motar na tafiya sumul, ba nauyi. Na ce lallai bakanike ya yi aiki. Daga nan na tattara ƙarfin hali.

"Ranka ya daɗe," na ce, idona a kan hanya, "iyalina ta sauka, gobe ne suna. Ko za a taimaka mini da hutun yini ɗaya?"

Shiru. Na kasa kunne ina jiran gyaran murya, babu. Alhamdu lillahi.

To ka san halin ɗan Adam. Wajen Unguwar Kanawa na ce, "Ranka ya daɗe, da za a bar mini motar ma, in ɗauko surukaina daga Rigasa." Shiru. Na kawo maganar ƙarin girma, shekara biyar ina mataki ɗaya. Shiru. Na nemi sabon yunifom da takalmi. Shiru. Kafin mu kai Kawo na samu abin da ƙungiyar ƙwadago ba ta samar wa kowa ba a shekara goma.

Sai kunya ta kama ni. Mutum mai kirki haka, ni kuma ina cin amanarsa. Na rage gudu, na ce, "Yallaɓai, akwai abin da nake ɓoye maka. Ba barci nake yi ba in ina jiranka. Saƙa nake yi." Na ba shi labarin asibiti, da nas, da Asabe da baiwarta. Bai ce uffan ba. Wallahi sai da na share ƙwalla da bayan hannu. Na ce, "Allah ya ƙara girma, ashe mutane ba su fahimce ka ba ne."

Muka shiga filin jirgi. Manya sun jeru ƙarƙashin rumfa, 'yan sanda a ƙame, direbobi a gefe. Na taka birki daidai gaban rumfa, na fito da gudu, na zagaya, na buɗe ƙofar baya, na ƙame na sara. Na daɗe a haka, ƙirji a waje, ina kallon sama. Babu wanda ya fito.

Muryar Isiya na fara ji. "Mutumina, shi Ogan naka ruwa ne ya narkar da shi, ko a cikin jakar yake?"

Na leƙa. Baƙar jakar Oga ce zaune a kujera, ita kaɗai, cike da fayil. Ashe Sale ne ya ajiye ta, ya rufe ƙofa don kada ruwa ya shiga, ya koma da lema don ya ɗauko mai ita. Wato tun daga ofis har Mando, jaka nake yi wa fadanci. Jaka ce ta ba ni hutu. Jaka na yi wa kuka.

Ban gama dawowa hayyacina ba sai ga ƙarar Besfa. Duk motocin ma'aikata sun riga sun taho, saboda haka babur ɗin Sale kaɗai ya rage. Ga Sale ya ɗaure kai da leda, ga Oga a bayansa ya rungume shi, babbar riga ta jiƙe ta manne a jiki. Hula kuwa iska ta ɗauke ta tun a Kawo. Ranar na fara sanin Oga na da sanƙo, ni da sauran jama'ar jihar.

Bai yi ihu ba. Ya matso kusa da ni, ya ce a hankali, "Muna komawa ka ajiye makulli."

Shi ke nan, aiki ya tafi, ga jaririya kwana shida. Ina tsaye kamar an dasa ni sai jirgi ya fara sauka. Wani jami'i ya rugo wurin Oga ya ce, "Yallaɓai, hularka fa?" Oga ya shafa kai. Babban mutum ya tarbi baƙo kai ba hula, ga masu ɗaukar hoto? Isiya ya yi wuf ya cire tasa ya miƙa, wata hula da ta sha man kai tun zamanin Turawa. Oga ya dube ta, ya yi gyaran murya.

Ni kuma na san abin da ke cikin jakata. Akwai farar hula sabuwa da na saƙa wa mahaifin Asabe don ranar suna. Na dubi direbobin nan wajen ashirin, na dubi Isiya, na tuna da buhun masarar gidana da ya kusa ƙasa. Na ce a raina, mutunci dai ba a tuƙa tuwo da shi. Na durƙusa na jawo jakar.

Garin sauri, sai jakar ta kife. Dunƙulen ulu mai ruwan hoda ya gangara ƙarƙashin motar kwamishina yana warwarewa. Tsinkaye suka faɗi suna ƙara. Ga ƙyallaye, ga safa, ga riga mai hannu ɗaya a kan kwalta. Isiya ya sunkuya ya ɗauki safar, ya zura ta a babban yatsansa, ya ɗaga sama.

"Jama'a ku zo ku ga barcin! Inna, ashe ke ce? Nawa ne saitin jarirai?"

Har ɗan sandan da ke ƙame sai da kafaɗarsa ta girgiza. Ban kula su ba, na lalubo hular na miƙa wa Oga hannu biyu. Surukina ƙaramin kai gare shi, Oga kuwa Allah ya yi masa wadata a wannan fanni. Hular ta zauna masa a tsakar ka kamar murfin buta. Haka ya tafi ya tarbi baƙo, ni kuma ina rarrafe ina naɗe zare daga ƙarƙashin motocin manya.

Da aka watse, baƙo ya shiga motar gidan gwamnati, na ji ƙofar bayana ta rufu. Wannan karon juyawa na yi gaba ɗaya, har da dafa kujera, na ƙura masa ido.

"Ina nan," in ji shi. "Ja mu je."

Sai da muka wuce Kawo ya sake magana. "Hajiyarka ce ta yi hular nan?"

Na so in laƙa wa Asabe, amma bayan abin da aka gani a kan kwalta, ina amfani? Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

"Baƙon ya tambayi inda na saya. Yana son uku, masu girma." Ya gyara zaman hular a kansa. "Riƙe makullinka. Tunda kana da lokaci haka, akwai jikoki a gidana."

Daɗi ya sa na manta kaina. Na ce, "To yallaɓai, batun hutun gobe da muka yi magana..." Gyaran muryar da ya yi sai da na ji ta a sitiyari.

Washegari aka raɗa wa 'yata suna ina gidan Oga ina wanke taya. Jaririya ta fito da riga mai hannu ɗaya, Asabe ta gaya wa mata sabon yayi ne daga Legas, har biyu suka ce a yi musu irinta.

Na ƙara shekaru masu yawa tare da Oga. Saƙa kuwa na samu izininta a hukumance, ina yinta a fili gindin mangwaro, direbobi na kirana Inna har na yi ritaya. Sai dai abin da nake yi don jin daɗi ya koma aiki na biyu, mai wa'adi, ba albashi. Hajiya ta aiko da awon jika, ƙanwar Hajiya ta aiko da na tagwaye, Isiya kansa ya zo a ɓoye yana son bargo. Bargon gidana da na fara a shekarar, sai bayan na ajiye aiki na gama shi.

Saboda haka ga abin da na koya, kyauta na ba ka. In kana roƙon babba, ka ji komai ka nema yana amincewa, ba musu, ba gyaran murya, kada ka yi saurin godiya. Ka waiwaya tukuna, ka tabbata akwai mutum a kujerar.